Ana ce masa Bakano, amma ba wanda ya san garinsu

Assalamu alaikum, Malam. Shekaruna 36, a zangon Kumasi aka haife ni, nan aka haifi babana da kakana. Wanda ya kafa gidanmu kakan babana ne, ana ce masa Bakano, kuma iyakar abin da muka sani ke nan. Bara a wajen wani suna gardama ta haɗa ni da wani dattijon unguwarmu, sai ya ce mini a gaban jama'a wai mu da ba mu san garinmu ba har mun samu bakin magana, ai kakanmu a kasuwar Salaga aka saye shi. Tun daga ranar ban sake barci mai daɗi ba.

Na tambayi Baffana, yayan babana, mai shekara 70. Ya ce mu 'yan birnin Kano ne, dangin wani babban gidan attajirai, in daina tone-tone. Gwaggo kuwa, ƙanwar kakana, wadda ita ce autar Bakano kuma ta kusa 90, ta ce da ayari ya zo yana yaro yana kora wa wani madugu jakuna, kuma ya rasu shekarar da rana ta yi husufi, ita tana yarinya. Akwai wani akwatin ƙarfe da ya bari. Bayan rasuwar babana an buɗe shi ana neman takardar gida, na ga littattafai rubutun hannu a cikin gafaka, da wasiƙun ajami, da hoto ɗaya. Shafi ɗaya kawai na samu na ɗauka da waya, ƙarshen wani littafi ne, a ƙasansa akwai baƙaƙe huɗu a haɗe, shin, sin, mim, wau, ban gane ma'anarsu ba. Yanzu akwatin yana ɗakin Baffa a kulle, da na yi maganarsa sai ya yi fushi. Ɗansa ya ce zai iya sato mini makullin. Na kuma sa cigiya a Facebook, wani mutum a Kano ya ce ya gano danginmu, in tura kuɗin mota da na malamin da zai rubuta mana salsala. In karɓi makullin? In tura kuɗin? In kuma maganar dattijon nan ta zama gaskiya, me zan faɗa wa 'ya'yana?

Mai neman asali, Kumasi

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Gorin asali ya fi mari ciwo, don mari kai kaɗai ya taɓa, gori kuwa har da waɗanda ke kabari yake haɗawa, saboda haka ban ga laifinka ba da ka kasa barci. Neman sanin inda mutum ya fito ma ba tone-tone ba ne, akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ke cewa mu san nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Sai dai abu biyu sun cakuɗe maka: son sanin kakanka, da son rufe bakin dattijon nan. Na farkon aikin shekaru ne, kuma yana son sanyin zuciya. Na biyun shi ne zai sa ka karɓi makullin sata, ka tura wa baƙo kuɗi, ka rungumi duk salsalar da ta yi maka daɗin ji. Amsar tambayoyinka biyu na farko a'a ce, zan kuma gaya maka dalili.

Bari in fara ba ka tukuici daga shafin da ka ɗauka. Baƙaƙen nan huɗu shekara ce. Malamanmu na da sukan rubuta shekara da ramzi, kowane harafi da adadinsa, kuma lissafin Magariba suke bi. A wannan lissafi shin 1000 ne, sin 300, mim 40, wau 6. In ka tara, 1346 ke nan ta Hijira, wadda ta kama daga tsakiyar 1927 zuwa tsakiyar 1928. In ka kai wa wanda ya saba da lissafin Gabas, inda shin take 300 sin take 60, zai ce maka 406, ku ruɗe ku duka. Yanzu ka koma kan hoton ka faɗaɗa shi, ka dubi layukan da ke saman baƙaƙen. A nan ne marubuci kan ce littafi ya cika, ya yi hamdala da salati, sannan ya faɗi sunansa da na ubansa, wani lokaci da sunan wanda aka rubuta wa. Sau da yawa yakan ƙara garin da ake danganta shi da shi: Alkanawi, Alkashinawi, Albarnawi, Alkabawi. Ka kai wa tsohon malamin zaure wanda idonsa ya saba da rubutun warash ya karanta maka harafi-harafi. Ka dai kiyaye, mai rubutu daban, mai littafi daban. Yana yiwuwa Bakano saye ya yi, ko jingina aka kawo masa, don haka kada ka ga suna ka ce ka gama.

Husufin Gwaggo ma kwanan wata ne. An yi husufin rana a Gana ranar 20 ga Mayu, 1947, wanda tsofaffi ba su manta ba, kuma ya dace da shekarunta: mai kusan 90 yau tana da kamar 12 a lokacin. Ka ga ka samu turaku biyu, 1927 da 1947, ba tare da ka taɓa makullin kowa ba. In kuwa da gaske yana yaro ya bi ayari zuwa Salaga, to mai yiwuwa kafin 1892 ne, shekarar da yaƙin basasa ya watsa kasuwar garin, fatake suka bazu zuwa Karaci da Yeji da Kintampo. Kumasi ba ta buɗe wa baƙi 'yan Arewa sosai ba sai bayan da Turawa suka kama Prempeh, Asantehene, wato Sarkin Asante, a 1896, da kuma bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Ke nan tsakanin Salaga da Kumasi akwai wasu shekaru da ya yi a wani gari, watakila har da mata da 'ya'ya. Kai kana hangen Kano, alhali akwai zango guda a tsakiya da ba ka sauka ba. Binciken asali da baya-da-baya ake yin sa, daga kabari zuwa gidan da mutum ya zauna, daga nan zuwa gidan da ya fara sauka. Wanda ya yi tsalle zuwa garin haihuwa yakan dira a gidan wasu.

Sunan Bakano kansa kada ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. A Gwanja, ƙasar da Salaga take, duk wanda ya fito daga ƙasar Kano Bakano ne, ko daga Kura yake ko Bichi ko Garko, har ma wanda ayarinsu kawai ya tashi daga Kano. Alhassan Ɗantata da duniya ta sani da Kano, a Bebeji aka haife shi a 1877, kuma ya yi fataucin goro a ƙasarku. Alhaji Umaru na Karaci, babban malamin nan da ya rasu a 1934, a Kano aka haife shi, asalin gidansu Kabi, ya zauna a Salaga, shi ya sa za ka ga ana danganta shi da garuruwan uku a jere. Manyan fataken goro kuma ƙungiya-ƙungiya ne: Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina, da Kambarin Barebari masu tushe a Barno da suka yi ƙarfi a Gummi. Ayari kan yi watanni a hanya, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Bargu da Zugu da Sansanin Mango da Yandi kafin Salaga, yana kwasar yara da barori a garuruwan da ya bi. Yaron da ya shiga ayari a Jega yana iya tsufa a Kumasi ana ce masa Bakano saboda madugunsa. Shi ya sa tambayar da za ta kai ka gida ita ce yaron wa ne, a gidan wa ya sauka, wa ya aurar da shi.

Mai wannan amsa kuwa Gwaggo ce. Akwati ya yi shekara kusan tamanin yana jira, zai iya ƙara biyu. Tsohuwa mai shekara 90 ba ta da wannan alkawari. Ni na yi wannan sakaci da kakata ta wajen uwa, ina cewa sai bayan sallah, sai an yi hutu, har na sayi kaset sababbi na ajiye, rasuwa ta riga ni. Yau sunan ƙauyen da uwarta ta fito babu mai iya faɗa mini.

Kada ka je mata da tambayar “daga ina Bakano yake?” Ta sha jin ta, za ta ba ka amsar da ta saba bayarwa, hira ta mutu. Ka je da hantsi lokacin da jikinta ya saki, ka riƙe mata goro ko abin da take so, ka nemi izininta ka kunna waya tana ɗaukar murya, ka ajiye ta gefe har ta manta da ita. Ka tambaye ta irin tuwon da yake so, da abin da yake cewa in ya yi fushi, da kirarin da maroƙa ke yi masa, da waƙar da yake yi wa jariri. Da wane harshe yake ƙirga kuɗi in ba ya son a ji? Shi “yana” yake cewa ko “shina”, “'yata” ko “ɗiyata”? In na biyun ne, ka karkata yamma, wajen Sakkwato da Kabi da Gobir da Katsina. Da wa yake wasa? Wannan tambaya ta fi takardu da yawa, domin mutum yana iya canza suna da gari amma da wuya ya canza abokin wasa. Bakano da Bazazzagi yake tsokana, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Babarbare da Bafillace. In ta ce duk Bafillacen da ya shigo gidan sai sun yi ta ba'a da shi, to ka fara jin ƙanshin Barno.

Sai sunayen 'ya'yansa, nan ma akwai taska. Bahaushe yakan mayar da sunan ubansa da na uwarsa a kan 'ya'yansa na fari, sannan kunya ta hana a kira sunan, a koma ce wa yaron Abba ko Baba, yarinyar kuma Iya ko Inna ko Ummi. Ka sa Gwaggo ta jero maka 'ya'yan Bakano duka, har waɗanda suka mutu suna goye, ɗaki-ɗaki, ka gano wanda ake sakaya sunansa da sunan yankansa na gaskiya. Mai yiwuwa da haka ka samu sunan uban Bakano da na uwarsa a zama ɗaya. Kada ka matsa mata ta ambaci sunan mahaifinta da bakinta, ka faɗa ta gyaɗa kai. Wani zaman kuma ka tura matarka ko ƙanwarka, don akwai zancen kishiyoyi da na ƙwarƙwara da tsohuwa ba za ta yi da jika namiji ba. Kada Baffa ya kasance a wurin, ba don ɓoye masa ba, sai don in babban namiji yana zaune labarinsa ne zai danne nata. Duk abin da ta faɗa ka ɗaura shi a jikin wani abu da aka san shekararsa: kafin dawowar Prempeh a 1924 ko bayanta, kafin girgizar ƙasa ta 1939, lokacin da ake ɗibar soja zuwa Bama.

Yanzu Baffa. Ka lissafa, a 1969 yana da kamar shekara 14. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zanguna suka yamutse, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance, aka loda iyalai a manyan motoci zuwa garuruwan da wasunsu ba su taɓa gani ba. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ya ga abokan wasansa sun tafi ba su dawo ba, a wurinsa takardar da ke nuna an zo daga wani wuri wuta ce, kulle ta ake yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Kai ma ka san irin tambayoyin da mai sunan zango kan sha wajen yin katin ɗan ƙasa. Wannan zato ne nake yi daga nesa, amma na fi ba shi ƙarfi a kan mugunta. Akwai kuma zato na biyu: labarin gidan attajirai shi ne rigar da ya sa duk rayuwarsa, yana tsoron a buɗe akwati a tarar ba haka ba ne, girmansa ya zube a gaban 'ya'yan ƙannensa. Ko wanne ne, satar makulli za ta tabbatar masa cewa tsoronsa na kan hanya, za ka haɗa shi faɗa da ɗansa, kuma ranar da ya gane, ashana ɗaya ta isa ta raba ku da akwatin har abada.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Ka bar maganar akwati na wata biyu ko uku, ka riƙa zuwa gaishe shi kawai. Wata rana ka tambaye shi labarin 1969, ka yi shiru ka saurara, da wuya a ce wani ya taɓa tambayarsa. Bayan nan ka kunna masa muryar Gwaggo tana ba da labarin ubanta. Sannan Gwaggo ce za ta nemi a kawo mata kayan mahaifinta ta gani, ba kai ba. Ita 'ya ce, shi jika, haƙƙinta a kan akwatin ya fi nasa, kuma kunyarta zai ji. Amma kada ka mayar da wannan haƙƙi sanda, kada ka kai ƙara wurin Sarkin Zango, maganar gida ta zama ta fada. Roƙonka ya zama ƙarami: a buɗe a ɗakinsa, a gabansa, ka ɗauki hoto, a mayar a kulle, makulli ya koma aljihunsa. Ka yi masa alkawarin ba abin da zai hau intanet sai da yardarsa, ka kuma cika. In tsoron takardu ne ke damunsa, dokar zama ɗan ƙasa ta Gana ta 2000 ta ce wanda aka haifa a ƙasar kafin 6 ga Maris, 1957, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ka samo lauya ɗan zango da yake ganin girmansa ya faɗa masa da Hausa. In duk da haka ya ƙi, ka sa limamin unguwa ya yi masa magana sau ɗaya, sannan ka haƙura ka ci gaba ta sauran hanyoyin. Ka roƙi ɗan nasa abu ɗaya kawai, ya lura kada ruwa ko gara su shiga akwatin.

Ranar da aka buɗe, ka wanke hannu ka bushe shi. Littattafan nan ba ɗinki gare su ba, warƙa-warƙa ne, in suka hargitse sai da kalmar da ke ƙasan kowace warƙa ake gane mai bin ta, don haka ɗaya-ɗaya za ka ɗaga, ka ɗauki gaba da baya, ka kife a gefe. Kada salatif ya taɓa su, kada a kai a liƙe su da leda. Ka duba bangon farko da na ƙarshe da gefen shafuka, nan mutanen da ke rubuta haihuwa da rasuwa da bashi. Ka ɗaga warƙa ɗaya a hasken taga: in ka ga jinjirin wata uku a cikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya ta hamada ce, alama ce mai kyau cewa littafin ko takardarsa daga Arewa suka zo. Wasiƙu su ne zinariyar. Ka dubi wanda ya aiko da waɗanda aka ce a gaishe su a ƙarshe, domin jerin gaisuwar nan shi ne dangi. In ka ga Ikko, Legas ke nan, Ankara kuma babban birninku ne, ba na Turkiyya ba. Hoton kuma ka ɗauke shi kusa, ka kai wa tsohon wanzami ya karanta tsagar fuskar. Shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan ya san ta Gobir ce, dogayen tsage ya san na Barebari ne, ya kuma san waɗanda ba na ƙasar Hausa ba ne sam.

Gidajen ajiyar takardun tarihi suna da amfani, amma ka san abin da za ka tarar. Ba a yi wa yaron ayari takardar haihuwa ba, ba a rubuta sunansa a kan iyaka ba. Talaka yakan shiga takardar hukuma ne in ya yi shari'a, ya karɓi fili, ko ya shiga soja. Saboda haka a gida za ka fara: ma'ajiyar Manhyia da ke riƙe da bayanan kotunan Asantehene, da reshen PRAAD, hukumar ajiyar takardun tarihi ta Gana, na Kumasi da na Tamale, ka nemi shari'o'in bashi da gado da filayen zango, inda mai ba da shaida kan faɗi garinsu da maigidansa. An yi annoba a Kumasi a 1924 wadda ta sa aka sake tsara zango, don haka takardar gidanku ta farko tana iya komawa wajen wannan lokaci. Ka nemi sunan da rubutu iri-iri, don akawun Turawa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara tun shekarun 1960, akwai kuma masu iya karanta maka naka. Ma'ajiyar ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, sai ka samu sunan gari tukuna. Rahotannin haraji na Di'o-Di'o suna faɗin ƙauyuka da unguwanni da sana'o'insu da jerin dagatai, za su gaya maka ko garin na fatake ne, amma ba za su ce ga kakanka ba. Kafin duk wannan ma, gidan maigidan da ya fara sauke shi yana nan a Kumasi ko Kintampo ko Yeji, kuma jikokin masu masauki sukan san mutanen wane gari ne ke sauka a gidansu.

Mutumin Facebook ban ce ɓarawo ba ne, watakila da zuciya ɗaya yake. Amma me ya gano, tunda kai kanka ba ka ba shi abin nema ba sai laƙabi? Masu suna ɗaya da suka tafi Gwanja ba su dawo ba suna da yawa a ƙasar Kano, kuma kama da wane ba ta wane. Ka riƙe abu biyu da ka samu daga Gwaggo, misali sunan uwar Bakano da irin tsagarsa, kada ka rubuta su ko'ina. Ka ce masa dangin da ya gano su faɗa maka su. In sun faɗa daidai, ka shirya tafiya da kanka, ka sauka ta hannun mai unguwa ko dagaci da limamin garin, a tara tsofaffi, ka bar su su fara ba da nasu labarin wanda ya tafi kafin ka ba da naka. In sun kasa, ka yi godiya ka rufe zancen. Salsalar da aka biya kuɗi aka rubuta takan kai mutum duk gidan da yake so, kuma ka san gargaɗin da ya zo a hadisi a kan mai danganta kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Gwajin DNA ma a nan ne kawai yake da amfani: in an samu gidan da ake zato, namiji daga cikinku da namiji daga cikinsu ta wajen uba su yi gwajin layin maza, ya nuna ko kun haɗa kaka. Shi kaɗai ba zai ba ka sunan gari ba, kuma yakan tono abin da ba a aike shi ba, don haka sai da shawarar manya.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta hana ka barci. Ba zan ce maka ba zai yiwu ba. An sayar da mutane a Salaga, wannan gaskiya ne, Zabarmawan Babatu sun kamo mutane masu yawa daga ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 da 1890, ayarori ma sun zo da bayi. Yaron da ke kora jakunan madugu yana iya zama ɗansa, ko almajiri, ko ɗan ƙodago, ko bawa. Labarin Gwaggo dai bai yi daidai da na dattijon ba, ita ta ce da ayari ya zo, shi ya ce a can aka saye shi, kuma ita a gidan ta tashi, shi a waje ya tsinta. Wata rana in zuciyarka ta huce, ka je ka gaishe shi ka tambaye shi a wurin wa ya ji. Ko dai ya ba ka sunan wani gida da za ka bi, ko ya sunkuyar da kai.

In kuma bincike ya nuna haka ne, to ka dubi mutumin da kyau. Yaro ne da aka raba da uwarsa, ya taka daga wata ƙasa zuwa wata a bayan jaki, ya tsira daga yaƙin Salaga, ya mallaki gida a Kumasi, ya tara littattafai a gafaka, ya bar zuriyar da ta kai gare ka. Kunyar tana kan wanda ya kama da wanda ya sayar. Sojan Hausa da Baturen Ingila Glover ya fara tarawa a Legas a 1863, waɗanda aka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da yawansu bayi ne da suka gudu, kuma da irinsu aka kafa zangunan Gana. Alƙur'ani a Suratul Ahzab, aya ta 5, ya ce a kira mutane da ubanninsu, in ba a san ubannin ba to 'yan'uwa ne a addini. 'Ya'yanka za ka gaya musu abin da ka tabbatar a matsayin tabbas, abin da ake zato a matsayin zato, har da labarin Baffa, ka ce wannan Baffa ne ya faɗa. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka riƙa rubuta kowane bayani da wanda ya faɗe shi da ranar da ya faɗa. Mai yiwuwa iyakar inda za ka kai shi ne sunan madugu da na wani yanki, wani jikanka ya ɗora daga nan.

Juma'ar nan in an sauko daga masallaci ka wuce wurin Gwaggo ka gaishe ta, ka ce gobe da hantsi za ka dawo hira. Ka cika wayarka da caji, ka share hotunan da suka cinye mata wuri. Ka fara da tambayarta inda take tsaye lokacin da rana ta yi duhu, da wanda ya riƙe hannunta. Hoton shafin nan kuma ka aiko mini shi cikakke, ina so in ga layukan da ke saman shin da sin.